Ciwon mara: Buscopan zan saya ko ibuprofen?

Tambaya: Duk wata idan al'ada ta zo, ciwon mara sai ya kwantar da ni. Mai kemis ya ce in sayi Buscopan, yayata kuma ta ce ibuprofen. Wanne zan bi? Wata 'yar'uwa daga Gusau.

Amsa: Allah ya ƙara sauƙi, 'yar'uwa. Ni dai na fi karkata ga maganar yayarki.

Ga dalili: ciwon na zuwa ne daga tsukewar tsokar mahaifa. Bangon mahaifa, hanji, mafitsara da jijiyoyin jini duk tsoka iri ɗaya ce ta lulluɓe su, wadda ba ta jin umarnin mutum. A madubin likita ƙwayoyinta sirara ne, masu kauri a tsakiya da tsini a baki biyu kamar ƙwallon dabino, kuma ba su da ratsi-ratsin da ake gani a tsokar dantse. Idan kalsiyam ya kwarara cikin ƙwayar, sai ya kama wani furotin mai suna kalmodulin, wannan ya tada sinadarin da ke kunna wani furotin mai suna mayosin, mayosin ya ja zaren wani furotin mai suna aktin, ƙwayar ta tsuke. A hankali take tsukewa, kuma takan daɗe ba ta saki ba, shi ya sa murɗar ke zuwa tana lafawa.

To, mai ba da umarnin ne ya bambanta. A hanji, yawanci saƙon jijiya ne mai suna asetilkolin, shi Buscopan ke tarewa. A lokacin al'ada kuwa mahaifa ce ke fitar da purostagilandin, sinadarin da ke sa tsokarta tsukewa, ibuprofen kuma shi ke rage samar da shi. Yana aiki sosai idan kin sha tun ciwon yana farawa, bayan kin ci abinci. Idan kina da olsa, ciwon ƙoda, ko kina zargin ciki, kada ki saya sai kin ga likita. Ki duba lambar NAFDAC a kwalin. Ciwon da ke ƙaruwa wata bayan wata, ko mai zuwa da zazzaɓi, na asibiti ne, ba na kemis ba.

Tambaya: Ina koyar da bayoloji a sakandare. Wane madubi zan saya don ɗalibai su ga wannan tsoka?

Amsa: Malam, mai ƙara girma sau 400 ya wadatar, ka haɗa da gilasan da aka riga aka rina yankan hanji a kansu. Zaren aktin da mayosin sai madubin ilektiron, don haka kada ɗan kasuwa ya ruɗe ka da "sau 2000".