Me ya sa wasan Pink Floyd na 1994 yake fitowa dishi-dishi a sabuwar talabijin ɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kawuna da ya yi karatu a Ingila ya ba ni faifan DVD na wasan da ƙungiyar Pink Floyd ta yi a Landan, mai suna Pulse. Tun ina yaro nake jin yana kuranta wasan nan, wai bai taɓa ganin haske da sauti irin nasa ba. Kwanan nan na sayi talabijin inci 55 mai 4K, na saka faifan, sai ga hoto dishi-dishi, ga baƙin fili a dama da hagu. Sautin kuma wani lokaci sai na ƙure murya kafin in ji, can sai ya fashe har mutanen gida su fito. Faifan ne jabu, ko a talabijin aka cuce ni? In na sayi Blu-ray ɗinsa matsalar za ta kau? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, Malam, ba a cuce ka ba. Faifan kawu ma da wuya ya zama jabu, domin abubuwa ukun da ka lissafa duk haka ainihin faifan yake. Dishi-dishin nan ya samo asali ne tun daren da aka ɗauki wasan.

An ɗauki Pulse a zauren Earls Court da ke Landan ranar 20 ga Oktoba 1994, David Mallet ne ya ba da umarni, kuma da kyamarorin bidiyo irin na gidan talabijin aka yi aikin, a kan kaset. Hoton talabijin na wancan zamani layi 576 ne a tsarin Turai, wanda mu ma shi muke bi a Najeriya, a tsarin Amurka kuwa 480. Faifan DVD na tsarin Turai ɗigon hoto 720 ne a kwance, 576 a tsaye, jimilla wajen dubu 415. Talabijin ɗinka kuwa 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye, sama da ɗigo miliyan 8. Ka ga ke nan, ko da an cire baƙin filin gefe da gefe, kowane ɗigo ɗaya na faifan sai an shimfiɗa shi a gurbin ɗigo 15, sauran duk kintace ne talabijin take yi ta cike. In kana da kaset ɗin bikin auren iyaye na shekarun 1990 da aka juye a faifai, saka shi a wannan allon, za ka ga irin laushin hoton nan sak. Kawu bai yi maka ƙarya ba. Shi a tsohuwar talabijin mai ƙaton baya ya kalla, wadda da ma dominta aka yi hoton, kuma a kanta tar yake fitowa.

Baƙin filin gefe da gefe shi ma daidai ne. Hoton wancan lokaci 4:3 ne, allon yanzu 16:9. Kada ka danna rimot ka ja shi ya cika allo. Akwai ma hanya mai sauƙi ta gane an ja: bayan makaɗan akwai wani ƙaton allo zagayayye da ake haska hotuna a kansa, fitilu sun kewaye bakinsa. In ka ga ya koma siffar ƙwai, to saitinka ya karkace, mayar da shi 4:3.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, wasannin ƙungiyar da suka girmi Pulse sun fi shi fitowa garau a yau. Dalilin kuwa a kan fim aka ɗauke su, ba kaset ba. Kaset yana da adadin layukan da ba zai taɓa wucewa ba, abin da bai shiga ba a daren ya tafi ke nan har abada. Shi kuwa zaren fim mai faɗin milimita 35 yana riƙe ƙananan bayanai fiye da yadda talabijin ɗin zamaninsa ke iya nunawa, don haka duk lokacin da aka samu na'urar da ta fi, sai a koma a sake kwaso hoton daga tushe. Haka aka yi wa Delicate Sound of Thunder, wanda Wayne Isham ya ɗauka a Nassau Coliseum da ke jihar New York a watan Agustan 1988. An zaƙulo gwangwanayen fim sama da 100, aka sake kwasar su a 4K, aka sake tace aikin, ya fito cikin kundin The Later Years a 2019, sannan shi kaɗai a 2020. Ya girmi Pulse da shekara shida, amma a nan har zanen yatsun David Gilmour a kan wayoyin jita kana gani.

Wanda ya fi ba da mamaki ma shi ne na Pompeii. A watan Oktoban 1971 Adrian Maben ya kai su tsohon filin wasan Rumawa na garin da dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79, a Italiya, suka yi kiɗa ba ɗan kallo ko ɗaya, sai ma'aikata da tulin lasifikoki a rana. An gyara shi a 4K daga ainihin fim ɗin, Steven Wilson ya sake haɗa sautin, aka nuna shi a gidajen sinima a watan Afrilun 2025. Shi ma yana da nasa tabon, amma irin tabon da ke ƙara armashi: a waƙar One of These Days kusan Nick Mason kaɗai ake nunawa yana dukan ganguna, har ka ga sanda ta suɓuce masa ya zaro wata bai rasa bugu ko ɗaya ba.

Akwai kuma wata wahala da ta shafi irin wannan wasa musamman. Dandalin duhu ne, cike da hayaƙi, ga hasken leza yana yanka shi, ga fitilu suna sauya launi cikin ƙiftawar ido. Duk hanyar matse bidiyo, ta DVD ce ko ta intanet, ta dogara ne da cewa hoton yanzu ya yi kama da wanda ya gabace shi, sai a adana bambancin kawai. Hayaƙi da walƙiyar fitila ba su bar wani kama ba, shi ya sa za ka ga hoton ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai daidai lokacin da wasan ya kai ƙololuwa. A nan faifanka ya fi yawancin abin da za ka samu a YouTube ko wanda aka tura maka a waya, don haka kada ka raina shi.

Yanzu sai sauti, kuma a gaskiya nan ne zancen yake. Abin da ka ɗauka matsala, wato shiru sannan fashewa, da gangan aka yi shi. Wannan salon kiɗa da ake kira progressive rock ya taso ne a Ingila a ƙarshen shekarun 1960, da ƙungiyoyi irin su King Crimson da Yes da Genesis, kuma abin da ya raba shi da waƙoƙin rediyo masu minti uku shi ne tsawo da hawa da sauka. Echoes ta Pink Floyd ta haura minti 23, Close to the Edge ta Yes ta haura 18. Waƙa takan fara da sautin da da ƙyar kunne ke kamawa, a yi ta ɗora kaya sannu a hankali, sai an ja ran mai sauraro sannan a sake masa komai gaba ɗaya. In aka daidaita ƙarfin sautin ya zama bai ɗaya daga farko har ƙarshe, an kashe waƙar. Yawancin kiɗan da muke ji a waya an riga an matse shi ya yi ƙara ko'ina, kunnenmu ya saba da haka, shi ya sa wannan ya zo maka baƙo.

Lasifikan da ke cikin siririyar talabijin ba za su iya wannan aikin ba, ko nawa ka saye ta. Ƙanana ne, galibi ƙasa ko baya suke fuskanta, kuma ba su da cikin da zai fitar da amo mai kauri. Gwada da kanka: saka faifai na biyu, inda suka buga kundin The Dark Side of the Moon na 1973 daga farko har ƙarshe. Da bugun zuciya yake farawa. A lasifikar talabijin ɗan ƙwas-ƙwas za ka ji, ko ma ba za ka ji komai ba. Sa hedifon mai kyau ka sake, za ka ji shi yana dukan ƙirjinka, sannan muryoyi da dariya su fara ratsowa ta dama da hagu.

Ga wani kuskure da kusan kowa ke yi. A jerin zaɓin faifan akwai sauti iri biyu, sitiriyo mai hanya biyu da kuma 5.1 mai hanya shida. Mutum ya ga 5.1 sai ya ce ai babbar lamba ta fi, ya zaɓa, alhali lasifika biyu gare shi. Sai na'urar ta tattara hanyoyi shida ta cusa a biyu, murya ta nutse, ƙaramin sauti ya ƙara ƙanƙancewa. In ba ka da lasifika biyar da ta amo mai kauri a jere yadda ya kamata, zaɓi sitiriyo. Ina kyautata zaton rabin kukanka a nan zai ƙare. Daga nan shiga saitin sautin talabijin ka kashe abin da ke daidaita ƙarfin murya da kansa, da tsarin dare, da wanda ke ƙara fito da magana, don duk an yi su ne domin labarai da fina-finai. Sai dai in dare ya yi kuma yara na barci, to tsarin daren ya yi rana, ko ka koma hedifon. Mai waya ya fi, saboda na Bluetooth yakan yi ɗan jinkiri, ka ga sanda ta sauka a ganga kafin ƙarar ta iso, kuma a wasan kiɗa wannan yana ɓata rai fiye da a fim.

Ban ce 5.1 ado ne kawai ba. Ga Pink Floyd musamman, sauti mai kewaye ɗan gida ne: tun a watan Mayun 1967, a zauren Queen Elizabeth Hall na Landan, suka fara jera lasifikoki a kusurwoyin zaure suna yawo da sauti a kan 'yan kallo. Wanda ke da cikakken saiti zai ji agogunan farkon waƙar Time sun tashi ta ko'ina a falonsa, haka ƙarar tsabar kuɗi a farkon Money. Amma lasifika biyu masu kyau, a ajiye su dama da hagu daidai tsayin kunne, sun fi tarkacen guda shida masu araha da aka jibge a kan teburi ɗaya. Kuma a kula da ƙarar fanka da ta janareta, su ne ke cinye sassan nan masu taushi kafin su iso kunne.

A ɓangaren hoto abin da za ka iya gyarawa kaɗan ne, amma yana tasiri. Fita daga tsarin nan mai ƙyalli da ake saita talabijin da shi a shago, koma na sinima, ko Filmmaker Mode in taka tana da shi. Rage kaifin hoto sosai, don shi ke zana farin layi a gefen fuskoki yana fito da dattin kaset. Kashe abin santsin motsi, wanda LG ke kira TruMotion, Sony ke kira Motionflow, Samsung kuma Auto Motion Plus. Ɓarnarsa ta fi yawa a wasannin da aka ɗauka da fim, amma ko a nan yakan rikice in leza ta gifta. Haɗa na'urar faifan da wayar HDMI in tana da gurbinta, a maimakon tsohuwar wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja. Sannan ka ja kujera baya kaɗan, ka kashe fitilar falo. Wasan da aka gina a kan haske cikin duhu ba ya kyau da rana tsaka da labule a buɗe.

Ni a ganina, Pulse ba wasan kallon fuska ba ne. Gilmour da Richard Wright da Mason ba masu tsalle-tsalle ba ne, kowa a tsaye yake ko a zaune a wurinsa, Roger Waters ma ya riga ya bar ƙungiyar tun 1985. Abin kallon shi ne dandalin gaba ɗayansa daga nesa, kuma wannan bai buƙatar kaifin hoto sosai. Dubi ƙarshen Comfortably Numb, lokacin da ƙatuwar ƙwallon madubi ta bayyana a tsakiyar zauren tana watsa haske a kan dubban mutane, sannan ta buɗe, Gilmour kuma yana ta jan jita. Ko a DVD wannan wurin yana tayar da tsigar jiki, muddin sautin ya samu hanya. Sharaɗin kawai ka bar rimot ya huta. Waƙoƙin The Dark Side of the Moon da ke faifai na biyun nan a sarƙe suke, kowace tana shiga cikin ta gaba ba tsayawa, kuma wanda ke tsallake-tsallake yana neman inda aka fi zafi ba zai gane abin da kawu yake yabo ba.

Batun Blu-ray kuwa, ya fito a 2022, bayan an koma kan ainihin kaset ɗin an sake tacewa. Hoton ya fi tsabta, launuka sun fi zama, farfashewar nan ta ragu ƙwarai saboda faifan ya fi ɗaukar kaya, kuma sautin ba a matse shi kamar na DVD ba. Amma har yanzu 4:3 ne, baƙin filin yana nan, kuma ba zai zama 4K na gaskiya ba komai aka yi masa. In kuɗin abu ɗaya gare ka, lasifika ko hedifon za ka fara saya, faifan kawu ya ishe ka. In kuma burinka ka ga iyakar abin da sabuwar talabijin ɗinka za ta iya, Delicate Sound of Thunder ko na Pompeii da aka gyara za ka nema. Kafin ka yi oda daga waje, duba bayan kwalin: Najeriya tana yanki na B a Blu-ray, tare da Turai, a DVD kuma yanki na 5. Faifan kiɗa da yawa ba a kulle su da yanki ba, amma a tabbatar tukuna, musamman in daga Amurka zai taso.