An dakatar da ni don na ce hankali ba ya gano Allah: mece ce mafita?

Tambaya: Barista, ni malamin darasin addini ne a wata sakandaren Katolika. Wani ɗalibi ya tambaye ni ko akwai hujjar cewa Allah yana nan, na ce masa hankali ba ya iya gano Allah, sai ta bangaskiya kaɗai. Magana ta kai ga Fada mai kula da makarantar, ya ba ni takardar dakatarwa, aka tsayar da albashina. Har wasu na cewa na fita daga Ikkilisiya. Ina da hakki kuwa?

Amsa: Malam, sannu da wannan damuwa. Kana da hakki, amma bari in fara da abin da ba zai yi maka daɗi ba. Kalmomin da ka faɗa a aji, yadda suka fito, sun saɓa wa koyarwar da Ikkilisiyar Katolika ta riga ta yanke. A ranar 24 ga Afrilu, 1870, Majalisar Batikan ta Farko, wato babban taron bishop-bishop na Katolika, ta fitar da takardar Dei Filius, inda ta ce ana iya sanin Allah, mafari da maƙurar kome, sani na tabbas, da hasken hankalin ɗan Adam ta hanyar duban halittu. Ta dogara da Romawa 1:20 a Littafi Mai Tsarki. Majalisar Batikan ta Biyu ta maimaita wannan a 1965, Katikizim, wato littafin koyarwar Ikkilisiyar Katolika, kuma ya kawo shi a sakin layi na 36. Saboda haka kada ka gina kariyarka a kan cewa ra'ayi ne kawai da kowa zai iya ɗauka ko ya bari.

Sai dai ina zaton abin da ke ranka ya fi kalmominka daidai. Majalisar cewa ta yi hankali yana iya kaiwa, ba ta ce kowa yana kaiwa da sauƙi ba. Katikizim a sakin layi na 31 ya ce hujjojin nan ba irin na gwajin kimiyya ba ne, dalilai ne da ke haɗuwa su gamsar da mai tunani. Na 37 da na 38 sun yarda cewa son zuciya da zunubi suna rufe wa mutum ido, shi ya sa yake bukatar Allah ya bayyana masa kansa. Asirin Triniti kuwa, wato Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba hankalin da zai hango shi shi kaɗai. In wannan kake nufi, ba ka bar layi ba, harshe ne ya zarce.

Batun fita daga Ikkilisiya, ka kwantar da hankalinka. Doka ta 751 a Kundin Dokokin Ikkilisiya na 1983 ba ta kiran mutum mai karkatacciyar koyarwa sai ya dage da taurin kai a kan musun gaskiyar da aka wajabta gaskatawa. Amsa ɗaya ga ɗalibi, ba gargaɗi, ba dagewa, ba ta kai nan ba. Masu yaɗa maganar ma su sani doka ta 220 ta hana ɓata sunan mutum ba bisa ƙa'ida ba. An taɓa yin irin wannan da Fada Louis Bautain na Strasbourg a Faransa, wanda ya koyar da kusan abin da ka faɗa. Ya sa hannu a kan gyara a 1835 da 1840, daga baya har ya zama mataimakin Akbishop na Paris.

Game da aikinka, doka ta 805 ta ba Bishop ikon amincewa da malaman addini, da cire su in dalilin addini ko ɗabi'a ya sa. Amma doka ta 50 ta ce kafin a yanke hukuncin da zai taɓa hakkin mutum a ji ta bakinsa iyakar yadda zai yiwu, ta 51 kuma ta ce a rubuta hukuncin tare da dalilansa. An kira ka an saurare ka? In ba a yi ba, wannan babbar hujja ce a hannunka.

Lokaci ne abin da na fi jiye maka. Tunda takardar daga wanda ke ƙarƙashin Bishop ta fito, ka kai kuka gaban Bishop a rubuce cikin kwana 15 da karɓarta, kamar yadda doka ta 1737 ta tanada. In Bishop da kansa ya fara yanke hukuncin, kwana 10 gare ka ka roƙe shi ya sake dubawa, shi kuma yana da kwana 30 ya amsa, sannan ka sami kwana 15 na ɗaukaka ƙara zuwa fadar Paparoma a Roma. Mutane da yawa suna zaman jiran sulhu har wa'adi ya wuce su. Ka nemi sulhun, doka ta 1733 ma ta ƙarfafa shi, amma ka tabbata takardar kukanka ta riga ta shiga.

Ta fuskar dokar Najeriya, sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare 'yancin addininka, ya kuma kare ikon ƙungiyar addini ta koyar da addininta ga 'ya'yanta a makarantar da take ɗaukar nauyi. Ba na ganin kotu za ta tilasta musu barinka ka koyar da saɓanin aƙidarsu. Albashi kuwa magana ce daban. A bisa ƙa'ida, in takardar ɗaukarka aiki ba ta ba da damar dakatarwa ba tare da biya ba, kana bin su kuɗinka, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi bisa sashe na 254C.

Ni dai ba zan fara da kotu ba. Ka rubuta wa Fada gajeriyar wasiƙa cikin ladabi, ka ce ka amince da sakin layi na 36 na Katikizim, ka bayyana abin da kake nufi, ka nemi izinin komawa ajin ka gyara wa yaran da bakinka. Ka haɗa kwafinta da kukan da za ka kai wa Bishop, ka sa a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan kowace. Kada ka sa hannu a takardar ajiye aiki kafin lauya ya karanta ta tare da takardar ɗaukarka aiki.