Yaƙin gama-gari ya girmi 1914

Ka tambaya ko yaƙin da ake jefa al'umma gaba ɗaya cikinsa ya fara ne da Yaƙin Duniya na Farko, wanda ya ɓarke a 1914. A'a, tushensa ya girmi haka. A watan Agustan 1793 gwamnatin juyin juya halin Faransa ta kafa doka ta raba wa kowa aiki: samari su tafi fagen daga, magidanta su ƙera makamai, mata su ɗinka tantuna da kayan soja, yara su yayyaga tsofaffin tufafi don ɗaure raunuka.

Masana'antu ne suka kai abin ƙololuwa. A 1916 Birtaniya ta tilasta shiga soja, mata suka cika masana'antun harsasai, har sinadarin TNT mai fashewa da ake ɗurawa a bama-bamai ya mayar da fatar wasunsu rawaya. A 1941, da Jamus ta mamaye ta a Yaƙin Duniya na Biyu, Tarayyar Sobiyet ta kwance masana'antu sama da 1,500, ta loda su a jiragen ƙasa zuwa gabas.

Abin da ke ci mini rai shi ne, da kowa ya zama ma'aikacin yaƙi, sai kowa ya zama abin hari. Toshe hanyoyin teku ya jefa Jamusawa cikin yunwa a hunturun 1916, sannan a Yulin 1943 ruwan bama-bamai ya kashe dubun dubatar fararen hula a birnin Hambag na Jamus.