Amsa ga mai tsohon karen da ya rame a Birnin Kebbi

Malam, sannu da ɗawainiya. Ka ce karen gadinka ya kai shekara 12, haƙarƙari duk a waje, yana shinshina tuwo ya juya baya, har kana tunanin ko lokacinsa ne ya yi. Na daɗe ina kiwon karnukan farauta a Argungu, ga abin da na gani.

Kafin ka ƙara masa abinci, buɗe bakinsa. Da yawa daga tsofaffin karnukan da suka rame a hannuna suna jin yunwa, haƙori ne ya hana su ci. Za ka ji bakin na wari, datti ya daskare a gindin haƙora, dasashi ya kumbura. In kuwa dasashin ya yi fari fat, jini ne ya ragu, sai a bincika tsutsar ciki ko ciwon da kaska ke kawowa. Duba cikin kunne da tsakanin yatsu, nan kaska ke maƙalewa.

Abinci ya zama mai laushi, mai ɗumi, kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a rana: shinkafa da dafaffen ƙwai, kifin da aka zare ƙayarsa tas, romon kaza marar gishiri. Ban da ragowar miyar gida, albasa da tafarnuwa na lalata masa jini. Dafaffen ƙashi kuma tsagewa yake yi, ya soki hanji.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ramar da ta haɗu da yawan shan ruwa da fitsari. Wannan ƙoda ce ko ciwon suga sau da yawa, gwajin jini da na fitsari ne ke rarrabewa. In ƙoda ce, tura masa nama ƙara masa wahala ne, likita ne zai tsara abincin. Kai shi asibitin dabbobi, in ta kama har na koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Don Allah kada a ba shi ibuprofen ko diclofenac namu na mutane.

Muddin yana tashi da ƙafarsa, yana ci, yana kaɗa maka wutsiya, ci gaba da jinya. In ya kai ga kwanciya cikin fitsarinsa, gyambo ya fito, yana nishi dare da rana, likita kuma ya ce babu magani, ku tattauna allurar da ke sa ya mutu ba tare da azaba ba. Zuciyarka in ba ta natsu ba, tambayi malamin da ka yarda da shi. Amma kada a kai shi daji a yar, ƙishirwa da tsutsar ƙuda ne za su cinye shi da ransa.