Amsa: kwas ɗin wata jami'a zai shiga digirinka?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kwas ɗin da ka ɗauka a wata jami'a za a lissafa maka shi a digirinka. Gaskiya ya danganta da ko akwai yarjejeniya a rubuce tsakanin jami'o'in biyu. Ka ga Turai tun 1987 suka fara shirin Erasmus, ɗalibi ya tafi wata ƙasa ya yi zango ɗaya ko biyu ya dawo da makinsa, kuma abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne ma'aunin ECTS, shekara guda kiredit 60 ce, to kowa ya san nauyin kwas ɗin kowa. A Amurka ma ɗaliban jami'o'in Harvard da MIT suna shiga ajin juna.

Amma fa kwasa-kwasan intanet irin na edX da su biyun suka kafa a 2012 daban ne, yawanci satifiket kawai za ka samu.

Wallahi abin da ke min ciwo ke nan, mutum ya sha wahalar zango guda sannan a ce masa ba a san zancen ba. Don Allah kafin ka yi rajista ka kai wa shugaban sashenku takardar da ke bayyana abin da kwas ɗin ya ƙunsa, ya duba ya sa hannu, ka adana kwafi.