Tambaya da Amsa: Me ya kai tsohon coci Ebute Metta?

Tambaya: Malam, albasa nake sayarwa a kasuwar Oyingbo, shekara tara ke nan. Kullum ina wuce cocin St. Jude a Ebute Metta, an ce mini ya girmi tashar jirgin ƙasa. Ni na ɗauka tsofaffin coci duk a cikin tsibirin Legas suke. Yaya aka yi? Kuma me ya sa tagogin tsofaffin cocin Legas suke da tsini a sama?

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba. Gudun hijira ce ta kawo shi. A 1867 aka yi wata tarzoma a Abeokuta, Yarabawa na kiranta Ifole, wato rushe gida. Aka farfasa gidajen mishan, Kiristocin Egba, wato Yarabawan Abeokuta, suka tsero Legas. Glover, Baturen gwamnan Legas na lokacin, ya yanka musu fili a Ebute Metta, suka kafa majami'arsu a wurin. Jirgin ƙasa sai a ƙarshen ƙarnin ya iso. Titunan unguwar da ka ga sun miƙe sambal kamar an ja da zare, asalinsu daga wannan yankan filin ne. Har Kano Street akwai, kai ka fi ni sani. Yau St. Jude shi ne babban cocin bishof ɗin Angilika na ɓangaren Mainland, wato Legas ta wajen tsibiri.

Batun taga kuwa, salon Gotik ne, 'yan mishan suka taho da shi daga Ingila. Ba ado kaɗai ba ne. Baka mai tsini tana sauke nauyin rufi kan ginshiƙai, sai bango ya samu sararin dogayen tagogi. Duk wanda ya taɓa ɗaga kai a cikin tsohon masallacin Juma'a na Zariya ya ga bakan da Babban Gwani ya ɗaura, zai gane dabarar, sai dai tamu ta laka da azara ce. In kana son ganin salon Gotik sosai, je Marina a cikin tsibiri ka tsaya gaban cocin Christ Church. Yariman Ingila ne ya aza harsashin ginin na yanzu a 1925, aka kammala a 1946, kuma can aka mayar da gawar Bishof Ajayi Crowther, ɗan Afirka na farko da ya zama bishof a cocin Angilika.

Abin da ya fi burge ni dai maginan ne. Cocin Katolika na farko na Holy Cross, Aguda suka gina shi, wato bayin da suka dawo daga Brazil da sana'ar gini a hannu. Daga cikinsu kuma aka samu wanda ya tsara masallacin Shitta-Bey da ke Martins Street, wanda aka buɗe a 1894. Ran da ciniki ya yi sanyi, hau mota zuwa Idumota, ka taka da ƙafa ka dubi fuskar masallacin nan da kyau.