Mijina Ya Rasu a Amurka: In Na Sake Aure, Kuɗin Gwamnati Zai Yanke?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a unguwar Bronx ta birnin New York. Maigidana ya rasu shekara uku ke nan, bayan ya yi fiye da shekara ashirin yana aiki yana biyan haraji. Tun daga lokacin hukumar fansho ta SSA ke biyan mu kuɗi duk wata, ni da autana mai shekara 15. Shekarata 58 da wata takwas, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Yanzu wani bawan Allah ya fito yana nemana da aure, shi ma yana karɓar kuɗin naƙasa saboda ciwon baya. Wasu sun ce ina yin aure komai zai yanke. Wasu kuma sun ce a ɗaura a masallaci kawai, tunda ba takarda ba wanda zai sani. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari.

Masu cewa komai zai yanke sun zuzuta abin, don kuɗin da ke shigowa gidanki ba ƙwarya ɗaya ba ne. Na yaro daban, naki na yanzu daban, akwai kuma na uku da bai fara zuwa ba, kuma shi ne babban abin dubawa.

Na yaro ba abin da zai taɓa shi. Haƙƙinsa ne a kan aikin mahaifinsa, kashi 75 cikin ɗari na cikakken fanshon marigayin, kuma zai ci gaba har ya cika 18, ko 19 in bai gama sakandare ba. Aurenki ba ya shiga wannan lissafi. Auren shi yaron ne zai iya tsayar da shi.

Naki na yanzu kuwa, ana ba ki ne don kina riƙon ɗan marigayin da bai kai 16 ba. A ƙa'ida sabon aure na yanke shi, sai dai in mijin da aka aura shi ma yana karɓar fanshon ritaya ko kuɗin naƙasa na aikinsa daga wannan hukumar. Amma kada wannan ya ɗauke miki hankali. Ko kin yi aure ko ba ki yi ba, yaron na cika 16 kuɗin zai tsaya, ƙasa da shekara guda ke nan.

To ga inda gizo ke saƙa. Matar da mijinta ya rasu tana da damar karɓar fanshonsa daga shekara 60. In ta fara a 60 cif, za a ba ta kashi 71.5 cikin ɗari, yana ƙaruwa gwargwadon jiran da ta yi, har ya kai ɗari bisa ɗari a shekara 67 ga masu irin shekarunki. Sharaɗin shi ne kada ta sake aure kafin ta cika 60. In ta yi, ƙofar ta rufe muddin sabon auren yana nan, sai in ya ƙare ta hanyar mutuwa ko saki sannan ta sake buɗewa. In kuwa an ɗaura bayan ta cika 60, ko da kwana ɗaya ne, hukuma ba ta kallon auren kwata-kwata, za ta ci fanshon marigayi tana ɗakin sabon mijinta har ƙarshen rayuwarta. Ga mace mai naƙasa, 50 ce iyakar ba 60 ba. Sassaucin na shekara 60 ya zo ne a gyaran dokar 1977, ya fara aiki a 1979.

Mu ɗauka cikakken fanshon maigida dala 2,000 ne a wata. Misali na kawo, ke kika san ainihin adadin. A shekara 60 za ki samu 1,430, wato dala 17,160 a shekara, kuma ana ƙara shi bisa tsadar rayuwa. Tsakaninki da 60 wata goma sha shida ne. Ba ni ne zan ce ki jinkirta sunna ba, wannan tsakaninki ne da zuciyarki da malamanki, kuma kaɗaici a ƙasar sanyi ba abin raina wa ba ne. Amma in ra'ayina kike nema, a kai gaisuwa, a yi baiko, a sa rana bayan kin cika sittin. Mai son ki da gaske, in aka ajiye masa alƙaluman nan a gaba, zai gane gidan da zai shiga ake tanadar wa. A kula kuma, ranar haihuwar da ke cikin takardunki na hukumar ita ce abin lissafi, ba wadda aka sani a gida ba. Mun san yadda da yawa cikinmu muka zo da 1 ga Janairu a fasfo.

Sai maganar masallaci, wadda ita ce ta fi damuna a wasiƙarki. Masu ba ki wannan shawara sun ɗauka takarda ce aure. Hukumar SSA dokar jiha take bi wajen tantance wane ne mai aure, kuma dokar jihar New York ba ta rushe aure don kawai ba a karɓi lasisi ba. In liman ya ɗaura a gaban shaidu, yana iya zama cikakken aure a idon kotu. Haka in an ɗaura a Kano ko Kumasi ko Yamai bisa ƙa'idar can, galibi a nan ma aure ne. Kuma ɗaurin aurenmu ba ya ɓoyuwa: an raba goro, an yi walima, hotuna sun zaga WhatsApp. Ranar da abin ya fito, hukuma za ta lissafa duk abin da ta biya ba bisa ƙa'ida ba ta nemi kayanta, ta riƙa zaftarewa daga kuɗin da za ki samu a gaba. In aka tabbatar da gangan aka ɓoye, akwai tara, yana ma iya kaiwa kotu. Ba na ba kowa shawarar bin wannan hanya.

Game da manemin naki, ki tambaye shi wane irin kuɗin naƙasa yake karɓa, takardar da aka aiko masa za ta nuna. In SSDI ne, wanda ya samu da gumin aikinsa, aure ba ya rage masa ko sisi, kuma shi ne irin da na ce zai bar miki kuɗin riƙon yaro har ya cika 16, ko da yake ba zai ceci fanshon 60 ɗin ba. In kuwa SSI ne, wannan tallafin marasa ƙarfi ne, kuma da zarar kun zama mata da miji za a sa albashinki da ajiyarki cikin lissafinsa. A 2025 mafi yawan abin da gwamnatin tarayya ke ba mutum ɗaya dala 967 ne a wata, kuma dukiyar ma'aurata ba za ta wuce dala 3,000 ba, ban da gidan zama da mota ɗaya. Albashinki kaɗai na iya cinye tallafin nasa. A tsarin SSI ma ba sai da takarda ba: in kuna gida ɗaya kuna nuna wa jama'a ku ma'aurata ne, haka za a ɗauke ku.

Fanshon aikinki ke kanki, in kin tara maki 40, wato kusan shekara goma na aikin da aka cire haraji, naki ne, ba aure ba saki da ke taɓa shi. Sai dai ba a haɗa wa mutum fansho biyu, wanda ya fi tsoka ake biya. Abin da doka ta yarje wa wadda mijinta ya rasu shi ne ta fara da ɗaya ta koma ɗayan daga baya: ki ci na marigayi daga 60, ki bar naki yana girma har 70, in ya zarce sai ki sauya. Tunda kina aiki, ki san cewa kafin 67 akwai iyakar albashi, dala 23,400 a 2025, kuma duk dala biyun da kika haura ana riƙe ɗaya daga fanshon.

In marigayin ya taɓa aikin soja ko na gwamnatin tarayya, wannan wani asusu ne daban, kuma a can 55 ce iyakar sake aure, kin riga kin wuce ta.

Fanshon matar mamaci ba a nemansa ta intanet, sai ta waya ko a ofis. Ki nemi a sa miki ranar ganawa tun yanzu, ki tafi da takardar aurenku da ta rasuwa, ki ce a fitar miki da adadin da za ki samu a 60 da kuma a 67, a rubuce. Da wannan takardar a hannu za ki zauna da waliyyinki da shi mai neman ku tsayar da rana.